Amsoshin Tambayoyinku: Yadda Turanci Ke Rarrabe Rashin Iya Aiki

Wani malamin sakandare daga Zariya ya rubuto yana cewa: "Malam, ɗalibaina suna fassara 'clumsy' da 'incompetent' da 'botch' duka da rashin iyawa. Shin ma'anarsu ɗaya ce?"

Malam, ba ɗaya ba ce, domin kowace kalma daga cikinsu akwai inda take ɗora laifi. "Clumsy" laifin gaɓoɓi ne: mutumin da idan ya ɗauko tire sai ya yi ɓarin shayi, idan ya shigo ɗaki sai ya yi tuntuɓe da buta. Masana asalin kalmomi sun danganta ta da tsohuwar kalmar "clumse", wadda ke nufin hannun da sanyi ya sandarar, kuma duk wanda ya taɓa ƙoƙarin zura zare a allura da asubahin hunturu ya san abin da ake nufi. Ba ta da nauyi sosai, har uwa kan faɗa wa ɗanta ita tana dariya.

"Incompetent" kuwa hukunci ne a kan cancanta, wato an ɗora mutum a kan aiki, ana biyansa, alhali ba shi da ilimin da aikin ke buƙata. Kalma ce ta ofis da kotu da rahoton kwamitin bincike, kuma tana iya raba mutum da kujerarsa, saboda haka ku ja kunnen ɗalibanku kada su riƙa jifan kowa da ita a wasiƙa.

"Botch" ce ta fi dacewa a tsaya a kanta. A ƙarni na 14 ma'anarta gyara ce kawai, ko yin faci, ba tare da wani aibu ba, amma zuwa ƙarni na 16 ta koma nufin gyaran da ya ƙara ɓata abu. Aikin take zargi, ba mai aikin ba, shi ya sa gwani ma kan faɗa cikinta, kamar telan da kowa ya yarda da hannunsa amma a daren salla, barci na fizgarsa, ya ɗinka hannun riga a baibai. A nan Bahaushe ba ya buƙatar aro: zai ce an kwaɓa aikin, ko an yi gyaran gangar Auzinawa, idan ɓarnar ta yi muni kuma ya ce garin gyaran gira an rasa ido. Sai dai a bambanta wannan da ha'inci, inda mutum ya iya aikin sarai amma ya tauye shi da gangan. Abin da irin wannan hannu ya fitar Bature kan kira shi "shoddy", sunan wani yadi mai araha da Benjamin Law ya fara haɗawa daga tsummokaran ulu a garin Batley na Ingila a 1813.

Tambaya ta biyu daga wata ɗaliba ce a Maradi: "A makaranta na san 'gauche' da ma'anar hagu. Me ya sa a Turancin Ingilishi na ga ana siffanta mutum da ita?"

'Yata, a Faransancin ma kalmar tana da ma'ana biyu, hagu da kuma rashin tsari wajen motsi ko mu'amala. Da Ingilishi ya are ta a ƙarni na 18, ma'ana ta biyun kaɗai ya ɗauka, ya kuma taƙaita ta ga mutumin da bai san yadda ake zama cikin jama'a ba, irin wanda zai tafka katoɓara a gaban surukai ba tare da ya lura ba. Ba ita kaɗai ce ta ɗora wa hagu laifi ba. "Maladroit" ma daga Faransanci take, kuma a cikinta akwai "droit", wato dama, tare da "mal" mai kore ta. "Dexterity", wadda ke nufin gwanintar hannu, daga kalmar Latin ta dama ta fito, yayin da "sinister", hagu a Latin, ta koma nufin abu mai alamar mugunta. Wanda bai iya rawa ba kuwa, sai su ce ƙafafunsa biyu duk na hagu ne.

Mu ma haka muke yi: amintaccen shugaba shi ne na hannun damansa, mai wuyar sha'ani bahagon mutum ne, wanda ya juya magana kuma ya yi mata bahaguwar fahimta. A ganina an zalunci bahagwai a harsunan nan duka, domin a cikinsu akwai maƙera da marubuta da 'yan dambe da hannunsu ba ya kuskure. Abin da za ki kiyaye a jarrabawa shi ne, "gauche" a Ingilishi ba ta taɓa nuna hanya. Idan kwatance za ki yi, "left" za ki rubuta.