Hoton mai laifi a bangon ɗaki

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ƙanena da ke karatun zane a jami'a ya maƙala wani ƙaton hoto a ɗakinsa, fuskar Al Capone, tsohon shugaban 'yan ta'adda na Amurka, irin wanda 'yan sanda ke ɗauka idan sun kama mutum, an rina shi da ja da ruwan ɗorawa. Na yi masa faɗa, ya ce wai fasaha ce, har a Turai ana saye da tsada. Da gaske ne? Daga wata mai karatu, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Ƙanenki bai yi miki ƙarya ba, sai dai rabin labarin ya ba ki.

Shi irin wannan hoton, ɗaya ta gaba ɗaya ta gefe, wani ma'aikacin 'yan sandan Paris mai suna Alphonse Bertillon ne ya daidaita shi a 1888, don kada wanda aka taɓa kamawa ya sake suna ya ɓace. Ba don ado aka yi shi ba.

Wanda ya fito da shi daga ma'ajiyar 'yan sanda shi ne Andy Warhol, mai zanen nan na Amurka da ya yi suna da zanen gwangwanin miya da fuskar Marilyn Monroe. A 1964 birnin New York ya shirya baje kolin duniya, aka nemi Warhol ya ƙawata bangon rumfar jihar. Masu shiri na son abin alfahari. Shi kuwa sai ya ɗauko wani ɗan littafin 'yan sanda na 1962 mai hotunan mutum 13 da ake nema ruwa a jallo, ya faɗaɗa su, ya buga da raga da tawada kamar yadda ake buga rigunan kamfen, ya jera su a bango, wajen mita shida kowane gefe. Kwanaki kaɗan aka shafe su da fenti ruwan azurfa, tun ba a buɗe kolin ba. Philip Johnson, wanda ya tsara ginin, ya ce daga baya Gwamna Nelson Rockefeller ne bai so ba, saboda da yawa daga cikin mutanen sunayensu na 'yan asalin Italiya ne, ga shi yana neman ƙuri'a. Warhol ya sake buga hotunan a kan ƙyalle, aka nuna su a Paris a 1967.

A ganina wannan aiki yana da ma'ana. Gari ya gayyaci duniya ta ga kyansa, shi kuma ya nuna mata waɗanda garin ke farauta. Ya kuma ankarar da mutane cewa jarida na ɗaga ɗan fashi yadda take ɗaga 'yar fim.

Na bayansa ne nake da ja a kansu. Russell Young, ɗan Birtaniya, yana buga hotunan kamun fitattun mutane, irin na mawaƙi Frank Sinatra na 1938, har yana barbaɗa musu ƙurar lu'u-lu'u. Yana da kyau a ido, amma kasuwa ta fi yawa a ciki. Mafi muni su ne rigunan da ke ɗauke da murmushin Pablo Escobar, babban dillalin hodar iblis na Kolombiya, lokacin da aka kama shi a 1976. Mutumin da yaransa suka dasa bam a jirgin saman kamfanin Avianca a 1989, mutum 107 da ke ciki suka halaka! Capone ma ba kanwar lasa ba ne. Gungunsa ake zargi da harbe mutum bakwai a Chicago a 1929, ko da yake kan ƙin biyan haraji aka ɗaure shi a 1931.

Kada kuma ki yi wa duk hoton kamu kuɗin goro. Rosa Parks, 'yar gwagwarmayar 'yancin baƙaƙen fata, tana da nata, riƙe da lamba 7053, a birnin Montgomery na Amurka cikin 1956, lokacin da baƙaƙen fata suka ƙaurace wa motocin haya na birnin saboda wariya. Masu zane sun sha sarrafa shi, kuma girmamawa ce.

Saboda haka bar faɗan tukuna. Tambaye shi shi ya zana ko saya ya yi, kuma me ya sa Capone. In aikin makaranta ne yana gwada launi da bugu, ƙyale shi ya gama. In kuwa amsarsa ita ce mutumin ya burge shi, ba shi labarin mutum bakwai ɗin nan, sannan ki ce ya sauke.