Tambaya da Amsa: Ƙaramin Majigi a Cikin Jirgin Ruwa

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri ga Malam da sauran ma'aikatan wannan mujalla, ina da tambaya a kan ƙaramin majigin nan na zamani wanda ake iya sawa a jaka. Ƙanena yana aiki a Legas a wani jirgin ruwa na shaƙatawa, irin wanda iska ke turawa ta manyan ƙyallaye, tsawonsa kamar mita 12. Shi da abokin aikinsa sukan kwana a cikinsa, wani lokaci kwanaki da dama a jere, kuma ba su da abin ɗebe kewa sai waya. Bara na saya masa majigi a nan kasuwar Sakkwato wanda aka rubuta lumen 9,000 a kwalinsa, amma ya ce hoton dishi-dishi yake, yana cinye musu batir, kuma kafin wata shida wani tabo mai ruwan ƙasa ya fito a tsakiyar hoton. Yanzu ina son in sake masa wani, ba na kuma son in sake asarar kuɗi. Me zan duba kafin in saya? Batirin jirgin zai ɗauka? Ana iya haska fim a jikin ƙyallen jirgin, tunda fari ne? Na gode.

Mai karatu daga Runjin Sambo, Sakkwato

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam, Allah ya bar zumunci. Kalmar majigi da ka yi amfani da ita ta tuna mini da motocin gwamnati da suka riƙa yawo gari-gari tun zamanin Turawa har bayan samun 'yancin kai a 1960, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada ko a filin kasuwa, a tayar da janareto, yara da manya su cika wurin. Ma'aikatan wancan majigin ba sa fara haskawa sai duhu ya kankama, kuma ba sa tayar da inji sai sun tabbatar man da ke ciki zai kai su ƙarshen fim. Duhu da wuta, su ne har yau za su yanke maka hukuncin abin da za ka saya, domin lambobin da ke jikin kwali ba su da nauyin da mai shago yake ba su.

Bari mu fara da lumen 9,000 ɗin nan. Ma'aunin haske da ake iya dogaro da shi shi ne wanda aka rubuta ANSI ko ISO a gefensa, domin shi ana auna hasken da ya sauka a kan allo ne, a wurare tara, sannan a ɗauki matsakaicinsu. Idan ka ga dubbai a kwalin ƙaramin majigi mai araha kuma babu ɗaya daga cikin waɗannan haruffa, to ko dai hasken ƙwan da ke ciki aka ƙiyasta kafin ya ratsa gilasai ya raunana, ko kuma lamba ce kawai aka buga don ta ja ido. Majigin da zai ba da lumen 9,000 na gaskiya na babban zauren taro ne, mutum ɗaya da ƙyar yake ɗaukarsa, kuma wutar da yake ci ta fi ƙarfin batirin ƙaramin jirgi nesa ba kusa ba. Ƙananan da ake sawa a jaka yawanci suna tsakanin 100 da 500 ne a ma'aunin ANSI. Ga ƙanenka, wanda zai yi kallo da dare a ɗaki mai duhu, 200 zuwa 300 sun wadatar. Haka nan kada rubutun 4K ya ruɗe ka, domin sau da yawa ma'anarsa ita ce na'urar tana karɓar irin wannan fim, amma ta rage masa kyau kafin ta haska shi. Ka nemi a nuna maka ainihin ƙarfin hotonta a takardar da ke cikin kwali, kuma kada ka sauka ƙasa da 720p.

Tabon da ya fito a wancan na bara kuwa sanannen ciwo ne. Majigai masu araha suna da gilashin LCD guda ɗaya wanda haske ke ratsawa, da wata siririyar leda mai tace haske a jikinsa. Idan ƙura ta toshe hanyar iska, ko aka ajiye na'urar a kan katifa fanka ta kasa shaƙa, zafi yakan ƙona wannan leda, sai tabo ya fito ya yi ta faɗi. Na fi son ka nemi irin da ake kira DLP, fasahar da kamfanin Texas Instruments na Amurka ya ƙirƙiro a 1987, wadda ke aiki da ɗimbin ƙananan madubai masu juyawa. Ya fi tsada, amma hanyar haskensa galibi a rufe take, ga shi ƙarami, kuma ya fi ba da haske a kan wuta kaɗan.

Yanzu ga lissafin batir, wanda a ganina shi ne zuciyar tambayar taka. Wutar irin wannan jirgi bolt 12 ce, kamar ta mota. Ka duba jikin cajar majigin ka ga wat nawa yake ci, ka raba da 12, abin da ya fito shi ne amfiyar da zai riƙa ja daga batir. Mai wat 60 zai ja amfiya 5, fim na awa biyu ya ci Ah 10 (Ah shi ne ma'aunin wutar da batir ke ajiyewa, wato amfiya sau awa), na awa uku irin na Indiya ya ci Ah 15. Idan batirin jirgin mai Ah 100 ne na dalma, kada ƙanenka ya ɗauka yana da ɗari a hannu, domin irin wannan batir yana saurin mutuwa idan ana zuƙe fiye da rabinsa, saboda haka hamsin ne nasa. A cikin hamsin ɗin nan akwai rabon fitilu, da famfon da ke kwashe ruwan da ya taru a gindin jirgi, da rediyon sadarwa, da firji in akwai, wanda shi kaɗai a ƙasa mai zafi yana iya cin Ah 40 a yini. Farantin sola mai wat 100 kuwa abin da yake mayarwa a rana mai kyau bai wuce Ah 25 zuwa 30 ba, kuma kada ka auna ranar Legas da ta Sakkwato, domin a can damina tana da tsawo, hadari yakan rufe sama kwana da kwanaki. Da wannan lissafi za ka ga majigi mai wat 30 zuwa 45 ya fi dacewa da jirgin fiye da wanda ya fi shi haske amma yake cin ninki biyu.

Ina kyautata zaton na baran ta inbata suke haɗa shi. Wannan hanya ce mai ɓarna, domin inbata tana ɗaga wutar daga bolt 12 zuwa 230, sannan cajar majigin ta sake saukar da ita, kuma a kowane mataki wani kaso yana tafiya a zafi, wanda a inbata kaɗai yakan kai goma zuwa sha biyar cikin ɗari. Ka nemi majigin da ke karɓar caji ta USB-C, ka haɗa masa da cajar mota mai wat 65, amma ka tabbatar tana iya ba da bolt 20 daga soket mai bolt 12, domin da yawa ba sa iyawa duk da abin da aka rubuta a jikinsu. Majigin da ke da batir a cikinsa ya fi, ko da yake yawancinsu awa biyu ne zuwa biyu da rabi, kuma sukan rage haske da zarar an cire su daga wuta. Dabarar ita ce a caja shi da rana lokacin da sola ke zuba, a yi kallo da dare ba tare da an taɓa batirin jirgi ba. Abin da zan ja kunne a kansa shi ne batirin tayar da inji: wannan ba na kallon fim ba ne ko da na minti goma.

Maganar haskawa a jikin ƙyallen jirgi tana da daɗin ji, kuma a daren da iska ta kwanta lakadan ana iya yi sau ɗaya don nishaɗi. Sai dai ba a ɗinka ƙyallen nan a miƙe ba, an ba shi tumbi ne da gangan don ya kama iska, ga ɗinkuna da sanduna da lambobi a jikinsa, saboda haka fuskar ɗan wasa za ta fito a karkace. Mafi muni, idan aka ɗaga shi alhali jirgi yana tsaye a kan anka, wato ƙarfen da ake jefawa ƙasan ruwa don ya riƙe shi, ko 'yar iska kaɗan ta taso jirgin zai fara neman tafiya, yana fizgar sarƙa hagu da dama. Yadi biyu na farin yadi mai kauri, wanda tela ya kalmashe bakinsa ya sa masa madauri a kusurwa huɗu, ya fi ƙyallen jirgi kyau, kuma wannan kana iya ɗinka masa a nan gida ka haɗa a cikin saƙon. A cikin ɗakin jirgi tazarar ba ta da yawa. Mafi yawan ƙananan majigai, idan aka ja su baya mita ɗaya da rabi, suna ba da hoto mai faɗin mita ɗaya da kwata, wato kamar talabijin mai inci 55, kuma wannan ya isa mutum biyu ko huɗu. Kada kwaɗayin girma ya ja su, domin duk lokacin da aka ninka faɗin hoto, haskensa yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu.

Jirgi ba ya tsayawa cik ko da a tashar da ruwa ya fi kwanciya. Maganin wannan shi ne a ɗaure majigin da allon duka a jikin jirgin, ta yadda za su riƙa lilo tare, mai kallo ma yana lilo da su, sai hoton ya zama kamar a tsaye yake. Kusan dukkansu suna da ramin kusa a gindi irin na kyamara, don haka maɗauri mai matsewa a jikin ƙarfe ko tebur ya fi mai ƙafa uku, wanda igiyar ruwa ɗaya daga jirgin da ya wuce za ta kifar. Akwai kuma wani abin da masu shago ke yabawa wanda a kan ruwa fitina ne, wato na'urar ta riƙa daidaita kusurwoyin hoto da kaifinsa da kanta. Tana yin haka ne idan ta ji an motsa ta, a jirgi kuwa motsi ba ya ƙarewa, sai ta yi ta katse fim tana gyara. Kafin ka biya kuɗi, ka shiga saitinta ka ga ana iya kashe wannan a daidaita da hannu.

Duk wannan bayani na lokacin da jirgi yake ɗaure ne ko yake kan anka. Idan yana tafiya, a bar majigi a akwatinsa. Dokokin hana karo a teku na 1972, waɗanda ƙasashen duniya suka amince da su, sun wajabta a doka ta 5 cewa a kowane lokaci akwai mai lura da ido da kunne, doka ta 20 kuma ta hana kunna duk wani haske da dare wanda za a iya ɗauka fitilar jirgi ne, ko ya dusashe ta, ko ya hana mai lura gani. Hoton fim yana sauya launi daga ja zuwa kore zuwa fari, kuma waɗannan su ne launukan da matuƙa ke karantawa don sanin inda jirgi ya dosa, a ruwan da manyan jiragen kaya ke bi zuwa tashoshin Apapa da Tin Can na Legas. Idon da ya kalli allo mai haske yana buƙatar minti 20 zuwa 30 kafin ya koma ganin duhu yadda ya kamata. Ko a kan anka, farar fitilar da doka ta 30 ta ce a kunna tana nan a kunne, kuma a riƙa leƙawa waje. Kallo a cikin ɗaki yayin da jirgi ke tangaɗi yana kuma kawo jiri da tashin zuciya ko ga wanda ya saba da ruwa.

Mu a nan ƙurar hunturu ce abokiyar gabar kayan lantarki, a can kuwa iskar gishiri ce da danshi. Gishirin yana cin bakin soket har ya yi kore, danshi kuma yana haifar da fumfuna a cikin gilashin gaba inda hannu ba ya kaiwa. Ka saya masa robar abinci mai murfi mai kamawa, ka zuba ƙananan ƙunshin nan masu shan danshi da ake samu a kwalin takalma, ya riƙa barin majigin ya huce sannan ya rufe shi a ciki kowane dare. Idan za su ƙara lasifika, su nisanta ta da kamfas ɗin tuƙi da aƙalla mita ɗaya saboda maganaɗisun da ke cikinta, kuma su tuna sauti yana tafiya nesa a kan ruwa, maƙwabtansu na barci.

Finafinan kuma a zuba su a filash tun daga tudu, domin intanet yakan yi rauni da zarar an nisanci gaɓa. Wanda aka sauke a manhajar Netflix a waya yawanci ba ya yarda a tura shi zuwa majigi ta iska, sai sauti ya fito allo ya yi baƙi, saboda kariyar da aka sa masa. Fayil ɗin MP4 shi ne wanda kusan kowace na'ura ke karantawa, kuma idan filash ɗin tsarin FAT32 ne ba zai karɓi fayil da ya wuce gigabait 4 ba. Ka je shagon da naka filash, ka roƙi a rage hasken wurin, ka bar na'urar ta yi aiki kamar minti 20, ka saurari ƙarar fankarta ka taɓa jikinta ka ji zafinta.

Wajen aikawa, idan a mota ne a tsakiyar bazara, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, ka roƙi direba ya sa shi a ciki inda fasinjoji suke, kada ya kwana a saman kaya cikin rana, domin batirin litiyam ba ya jure irin wannan zafi. Idan kuma wani ne zai tafi da shi ta filin jirgin sama na Sultan Abubakar III, ya riƙe shi a jakar hannu, kuma duk wani batirin ajiya da za ka haɗa masa kada ya wuce Wh 100 (ma'aunin yawan wutar da batir ke ɗauke da ita, wato wat sau awa), domin abin da ya haura haka sai da izinin kamfanin jirgin.