Amsa ga ƙanina mai shirin tahowa Faransa karatu

Salam ƙanina, na ga saƙonka. Ka ce ka samu gurbin digiri na biyu a nan Liyon, kwas ɗin da Turanci za a koyar, kana tambaya ko dole ne sai ka wahalar da kanka da Faransanci, in kuma dole ne waɗanne tambayoyi za ka haddace kafin ka taso. To barka da arziki tukuna, Allah Ya sa albarka.

Dole ne mana. Turancin nan a ƙofar aji yake tsayawa, kana fitowa mai burodi da direban bas da matar da ke kan tebur a ofishin CROUS mai raba wa ɗalibai ɗaki duk da yarensu za su yi maka magana, wasu sun iya Turancin ma amma sai sun ga dama.

Ita tambaya ba ta da wuya, a mako guda za ka iya ta. A littafi za su nuna maka hanya uku, ko ka juya kalmomi ka ce Où habitez-vous, ko ka sa est-ce que a gaba (eske ake furtawa), ko kuma ka faɗi maganar yadda take ka ɗaga murya a ƙarshe kamar dai yadda muke cewa "ka ci abinci?". Ta ukun nan ita kowa ke yi a titi. Tu habites où, kana zaune a ina. C'est combien, nawa ne. C'est où, ina ne. Ka riƙe où, quand, combien, comment, pourquoi, qui, wato ina, yaushe, nawa, yaya, don me, wa, shikenan ka gama da wannan ɓangaren. Inda ake shan wuya shi ne bayan ka yi tambayar. Ka tsaya a tashar Part-Dieu ka ce wa mutum Où est le métro, ina jirgin ƙarƙashin ƙasa yake, da kyau, shi kuma ya ɗauka ka iya, sai ya sakar maka ruwan magana ba numfashi yana nuni da hannu, kai kana ta gyaɗa kai kana merci merci alhali ko kalma ɗaya ba ka kama ba, ya wuce ya bar ka inda ya same ka. Shi ya sa nake ce wa duk sabon zuwa ya koyi tambayar da za ta ƙuntata wa mai amsa, wadda ba shi da mafita sai oui ko non ko kalma ɗaya. Ka nuna da yatsa ka ce C'est par là, ta nan ne? À droite ou à gauche, dama ko hagu? C'est loin, da nisa? In ya ci gaba da gudu ka ce Plus lentement s'il vous plaît, a hankali don Allah, ko ka miƙa masa waya ka ce Vous pouvez l'écrire, ya rubuta maka.

Amma kafin duk wannan, bonjour. Wallahi ban san inda ake ɗaukar gaisuwa da zafi kamar nan ba in ka cire ƙasarmu. Ka shiga shago ka fara da tambaya ba bonjour, tamkar ka faɗa gidan mutane ba sallama ne, za ka ga fuska ta canza nan take. Sai dai tasu gajeriya ce, ba ina gajiya ina iyali yaya muka ji da zafi. Bonjour madame, sai ka faɗi abin da ya kawo ka. Kuma vous, wato "kai" na girmamawa, za ka ce wa kowa, malami, ma'aikaci, tsoho, wanda ba ka sani ba. Tu na abokan aji ne da yara da wanda ya ce maka on peut se tutoyer, wato mu riƙa ce wa juna tu.

Sannan fa a watan farko kai za a fi yi wa tambaya. Votre nom, nan 'yan uwanmu ke rikicewa, domin nom sunan dangi ne, wanda ke layin farko a fasfo ɗinka, prénom shi ne sunanka na yanka. Mu da muke amfani da sunan uba ko na gari, wani lokaci a sa wannan gaba wani lokaci wancan, sai ka ga mutum ɗaya da takardu kala biyu, banki na kiransa da wani suna inshorar lafiya na kiransa da wani, gyaran kuwa sai ya ci watanni. Abin da fasfo ya ce shi za ka bi ko'ina. Ka koyi jero harufan sunanka da furucinsu, don za a ce Ça s'écrit comment, kuma harafin e da i da g da j ba yadda ka saba da su a Turanci ake kiransu ba. Sai date de naissance, ranar haihuwa, rana sannan wata sannan shekara. Vous avez rendez-vous, an ba ka lokacin zuwa? Wannan za ka ji ta har ka gaji, a banki, a asibiti, a préfecture wajen takardar zama. A wajen cin abinci sur place ou à emporter, nan za ka ci ko tafiya za ka yi da shi, a wajen biya par carte ou en espèces, da kati ko tsabar kuɗi.

Akwai wata da ke kama mu Hausawa musamman. A wurinmu in aka ce "ba ka da takardar?" ka ce eh, kana nufin eh ba ka da ita. Su ba haka ba ne. In aka ce Vous n'avez pas l'attestation, in ba ka da ita non za ka ce, in kana da ita kuma ba oui ba, si za ka ce. Ka ce oui a nan sai ma'aikaciyar ta tsaya tana kallonka ba ta san ina ka dosa ba.

Lissafi kuma ka ba shi lokaci na musamman tun kana gida. Har 69 lafiya lau, daga nan 70 sai ta zama sittin da goma, 80 ashirin sau huɗu, 97 kuma quatre-vingt-dix-sept wato ashirin sau huɗu da goma sha bakwai, mutanen Beljiyam dai sun hutar da kansu suna cewa septante (70) da nonante (90) amma ba can za ka ba. Lambar waya bibbiyu suke karantota, to ka yi tunanin ana jero maka 75, 92, 81 a waya da sauri. Agogo kuma na awa 24 ne, quatorze heures trente ƙarfe biyu da rabi na rana kenan, kada ka rasa rendez-vous a kan wannan.

Ta abinci kuwa ka haddace ta kamar karatun allo: Il y a du porc dedans, akwai naman alade a ciki? Ka kula da jambon da lardons a jikin takarda, duk alade ne, sau da yawa kuma mai sayarwa zai ce maka ba nama alhali akwai lardons a ciki don shi bai ɗauke su nama ba. C'est halal ma tambaya ce da kowa ya sani a nan, unguwar Guillotière cike take da mahautan Larabawa da shagunan 'yan Afirka.

Kafin biza ta fito ka je Alliance Française, cibiyar koyon Faransanci ta can Kano, ka yi ko matakin farko na A1 ne, in ka kai A2 ma ya fi. Ka kuma nemi 'yan uwanmu na Maraɗi ko Damagaram da suka yi lakwal, wato boko da Faransanci, suna nan da yawa a kasuwa, ka roƙi ɗaya ya riƙa jefo maka tambayoyin nan da sauri ba tausayi kana amsawa, kunnen ne ke buƙatar horo.

Maganar tsarabar da ka ce Hajiya na haɗawa, yaji da kuka da kuɓewa busasshiya ba laifi, amma kilishi da dambun nama ka bar su a gida, an hana shigo da nama daga wajen Tarayyar Turai, in jami'in kwastan ya ce Rien à déclarer, ba abin da za ka bayyana, ya buɗe jaka ya gani ƙwacewa zai yi, wataƙila har da tara. Ka turo min ranar da jirginka zai sauka. A gaida Hajiya da su Baba.