Tambaya da Amsa: Shan shayi da tsofaffin kofunan tangaran a lokacin kaka

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Gwaggona ta bar min saitin kofunan tangaran masu bakin zinare, har da butarsu. Yanzu da kaka ta shigo, sanyi ya fara sauka, ina so in gayyaci ƙawayena biyar mu sha shayi da su. Amma ina tsoron kada su fashe, kuma an ce min wai tsofaffin kofuna suna da guba. Yaya zan yi?

AMSA: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Ki yi amfani da kayanki, don sha aka yi su, sai dai a duba su ɗaya bayan ɗaya kwana ɗaya kafin baƙi su zo. Ki ɗora kofi a tafin hannu, ki ɗan ƙwanƙwasa bakinsa da farce. Lafiyayye zai yi ƙara mai zaƙi da ke ɗan jimawa, mai tsagewa kuwa ƙararsa a dushe take, ko da ido bai ga tsagar ba. Sannan ki ɗaga shi wajen haske ki leƙa ciki. Idan kin ga ƙananan layuka ruwan ƙasa sun yi kamar saƙar gizo-gizo, shafen ƙyallin ne ya tsattsage, kuma shayi da datti suna shiga nan su zauna inda wanki ba ya kaiwa. Ki duba mariƙi ma: duk wanda aka taɓa liƙa shi da gam, zafi zai iya sake shi kofi yana hannun baƙuwa. Irin waɗannan a zuba musu fure ko a sa cokula a ciki, kada a ba kowa ya sha.

Maganar guba tana da tushe. An daɗe ana sa dalma a shafen tangaran da fentin adonsa, kuma sai a 1971 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fara sa iyaka kan yawan dalmar da za ta iya fita daga kayan cin abinci. Abin da ya fi jawo shakka shi ne adon da aka zana a saman shafen, wanda yatsa ke jin tudunsa, musamman ja da ruwan lemo da rawaya, ko wanda ya fara koɗewa. Idan adon yana ciki ko a inda leɓe ke taɓawa, a ajiye kofin don kallo. Zafi da tsami da daɗewar abin sha a ciki su ne ke fito da dalma, saboda haka ban da matsa lemon tsami a tsohon kofi, ban da barin shayi ya kwana a buta. Yara da masu juna biyu a ba su sabon kofi kawai.

Fashewa kuwa, yawanci ba tsufa ke kawo ta ba, canjin zafi ne farat ɗaya. Kofin da ya kwana a kabad mai sanyi, aka sheƙa masa tafasasshen ruwa, cikinsa zai buɗe da sauri, bayansa bai motsa ba, sai ki ji ƙas. Ki fito da kayan tun da safe, ki cika buta da kofuna da ruwan ɗumi na minti biyu zuwa uku, ki zubar, sannan ki zuba mai zafi. Masu shan madara a fara zuba musu ita, tana rage wa kofin zafin.

TAMBAYA: Duk lokacin da na haɗa wa baƙi shayi a buta, kofin farko yana daɗi, na biyu kuma ɗaci. Ina kuskuren yake?

AMSA: Ganyen ne kike bari a cikin buta, Hajiya. Muddin yana cikin ruwa yana ci gaba da sakin ɗaci. Baƙin shayi yana son ruwan da ya tafasa yanzun nan, da jiƙo na minti uku zuwa biyar. Kore kuwa digiri 70 zuwa 80 yake so, wato a sauke ruwa a bar shi ya sha iska kamar minti biyar, a jiƙa minti biyu zuwa uku. Da lokaci ya cika a tace.

Tsofaffin kofuna ƙanana ne, yawanci mililita 150 zuwa 180, don haka buta mai cin lita ɗaya za ta ba mutum shida kofi ɗaya-ɗaya. Ganye giram 10 zuwa 12 ya isa lita, kusan ƙananan cokula biyar. Dabarar da ta fi sauƙi ita ce buta biyu: ki jiƙa a ta yau da kullum a kicin, ki tace cikin tsohuwar da kika ɗumama, ki sa mata rigar buta ki kai teburi. Tangaran mai sirara ba ya riƙe zafi, balle a ɗaki mai sanyi, shi ya sa gara a yi zagaye na biyu sabo da a yi mai yawa ya huce. In kina son ƙamshin da ya dace da lokacin, ki tafasa sandar kirfa ɗaya, kanumfari huɗu da 'yar citta a tukunya na minti goma, sai ki jiƙa ganyen da wannan ruwan. Tsohuwar buta dai ba ta hawa wuta.

TAMBAYA: Kofunana ba iri ɗaya ba ne. Ba zai zama abin kunya ba?

AMSA: Ko kaɗan. Ki haɗa su da abu ɗaya, ko launi ko bakin zinare, ki shimfiɗa farin ƙyallen teburi marar ado. Kowace baƙuwa ma za ta gane kofinta. Abu ɗaya za ki gwada: gindin kofi ya zauna daram a ramin ɗan farantinsa, in yana zamewa a canza masa wani.

TAMBAYA: Cokulan azurfata sun yi baƙi, cikin kofuna kuma ya yi ja. Da me zan wanke?

AMSA: Baƙin azurfa daga sinadarin farar wuta yake, wanda ke cikin iska da abinci irin su ƙwai. Ki shimfiɗa takardar alminiyom ta naɗe abinci a roba, ki jera cokulan kowanne yana taɓa ta, ki zuba babban cokali biyu na sodar girki da lita ɗaya ta ruwan zafi. Cikin 'yan mintuna baƙin zai tashi, za ki ji ɗan wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, alamar aikin yana yi ke nan. Ki ɗauraye ki goge nan take. In kin ga EPNS a bayan cokali, ruwan azurfa ne aka yi wa wani ƙarfe, gurza da ƙarfi zai cinye shi har ƙarfen ƙasa ya bayyana. Wuƙaƙe masu mariƙin da aka liƙa kada su shiga wannan ruwan zafin.

Jan cikin kofi kuwa, ki kwaɓa sodar da ɗigon ruwa, ki shafa da yatsa a hankali, kada ta taɓa zinaren. Wankin da hannu ake yi, da ruwan ɗumi da sabulu kaɗan, kofi ɗaya-ɗaya, an shimfiɗa tawul a gindin wurin wankin. Injin wanke-wanke yana cinye zinare da fenti, na'urar ɗumama abinci kuma tartsatsi bakin zinaren zai yi a cikinta. Wajen ajiya ki sa ƙyalle ko takarda tsakanin farantai, kada ki ɗora kofi sama da biyu a kan juna, kuma ki bar murfin buta a ɗan buɗe har cikinta ya bushe sarai, in ba haka ba za ta yi warin rima.