Hankali Ke Gani, Ido Gululu Ne: Amsar Tambayoyinku

Tambayoyi uku na zaɓo a wannan makon, don na ga duk daga rijiya ɗaya suka ɗebo.

Ta farko daga wata ɗalibar koyon aikin jinya ce a Zariya. Ta ce: "Malam, ana koya mana wata dabara ta rage damuwa, mutum ya zauna shiru, ya bi numfashinsa, ya tsayar da zuciyarsa kan abin da yake ciki a lokacin. Na rasa sunan da zan kira ta da Hausa in zan yi wa majinyaci bayani. Ko dai ba mu da kalmar ne?"

'Yata, muna da ita, kuma kin sha jin ta a bakin mahaifiyarki ranar da kika fasa kwano don rawar kai: natsuwa. Dabarar da ake koya muku tushenta addinin Buda ne na ƙasashen Asiya, wani masani Ba'amurke mai suna Jon Kabat-Zinn ya shigar da ita aikin asibiti a 1979. Tsarin nasu ne, ba na musu. Amma halin da ake son mutum ya kai gare shi, Bahaushe ya daɗe da raɗa masa suna.

Kalmar ta fito daga aikatau "natsu", wanda a ganina ɗan ɗaki ɗaya ne da "nutse". Ki duba 'yan'uwansa masu ƙarewa da wasalin u: nama ya dafu, ɗaki ya gyaru, jama'a sun taru. Dukkansu suna nuna abin ya kai inda ake so ya kai. To wanda ya natsu shi ne wanda ya nutse har ƙasa, ya daina yawo a sama-sama. In kin taɓa zama ƙauye da damina kin ga misalin da idonki. A ɗebo ruwan tafki jawur kamar kunun kanwa, a juye a randa, a rufe da faifai a tafi. Kafin la'asar laka ta koma gindi, ruwa ya kwanta, kina hango ƙasan moɗa. Ba abin da aka zuba masa. Barin sa kawai aka yi ya daina motsi.

Shi ya sa muke cewa hankali ya "kwanta", kamar yadda muke faɗa wa ruwa da ƙura. Bahaushe ya ɗauki hankali tamkar wata dabba da ake kiwo. Yana tashi, yana kwanciya, yana rabuwa biyu, yana gushewa, yana dawowa. Ana jan sa, ana ɗauke shi, ana tattara shi, ana mai da shi. Har mukan ce "hankalinsa ba ya jikinsa", wato gangar jiki na nan zaune a tabarma, mai ita yana kasuwa. Masana da dama suna ganin kalmar hankali ta samo asali daga "aƙalu" ta Larabci, ta biyo ta bakin Barebari kafin ta iso mana, amma waɗannan kalmomin aiki da muka jingina mata namu ne tsantsa.

Akwai kuma ɓangaren ibada, wanda majinyacinki zai fi saurin ganewa. Duk wanda ya zauna gaban malamin zaure ya ji an lissafa natsuwa cikin farillan salla: ka yi ruku'u har gaɓoɓi su tsaya, ka yi sujada har su tsaya, ba irin ƙoton kurciya ba. A Suratur Ra'adi, aya ta 28, an ce da ambaton Allah zukata ke natsuwa. Don haka kada ki wahalar da kanki wajen ƙera wani dogon suna mai gaɓa goma, irin wanda wasu masu fassara ke jibga mana a rediyo. Ki ce masa: "Baba, natsu. Tattara hankalinka wuri ɗaya, ka saurari numfashinka." Zai gane tun ba ki rufe baki ba.

Tambaya ta biyu wani malamin firamare ne daga Maraɗi ya aiko. Ya ce yana jin tsofaffi na cewa "hankali ke gani, ido gululu ne", amma ɗalibansa sun tambaye shi mene ne gululu, ya yi shiru.

Malam, ba laifinka ba ne, kaɗi ne ya bar gidajenmu. Gululu shi ne ɗan dunƙulen yumɓun nan da ake sokawa a jikin mazari don ya ba shi nauyi ya riƙa juyawa. Na tashi na tarar da kakata tana kaɗi bayan sallar walaha. Auduga a hannun hagu, ta dangwali alli da yatsu, ta murza mazari a kan 'yar fata, zare na fita siriri ba ya tsinkewa. Gululun nata har zane gare shi, baƙi da fari, ka ce ƙwayar ido. Ga siffa iri ɗaya, ga juyi, amma ko kusa ba ya ganin komai. Karin maganar na cewa idon da hankali bai bi shi ba, shi da wannan dunƙulen yumɓu duk ɗaya.

Harshenmu ma ya rarrabe matakan abin. Akwai gani, wanda ko ba ka so zai faɗo maka. Akwai hange, daga nesa, shi ne aka ce hangen Dala ba shiga birni ba. Akwai leƙe, akwai kallo, akwai dubawa. Can ƙarshe akwai lura, inda ido da hankali suka haɗu.

Tunda a Maraɗi kake, ka fita da yaran bayan gari ka nuna musu gawo. Dubban mutane na wuce shi kullum. Wanda ya lura ne kaɗai zai ce maka wannan itace ya saɓa wa sauran: da damina, lokacin da kowace bishiya ta yi kore shar, shi ya kaɗe ganyensa ya tsaya tsirara, sai rani ya shigo ya tofo. Manoman Damagaram da Maraɗi da suka lura da haka ba sa sare shi a gona. Ba ya yi wa gero inuwa a lokacin da gero ke son rana, ganyen da ya zubar ya zama taki, 'ya'yansa kuma su ciyar da awaki a tsakiyar rani. Wani ya ga itace, wani ya ga aya. Suratul Gashiya, daga aya ta 17 zuwa ta 20, ba wani abu mai nisa ta ce a duba ba: raƙumi, sama, duwatsu, ƙasa. Abubuwan da Balaraben wancan zamani ke tashi da su ya kwana da su.

Ta uku gajeriya ce, da ɗan zafi. Wani matashi daga Kumasi ya ce: "Ikon Allah sai kallo, ba wannan ce maganar da ta sa muka naɗe hannu ba?"

Ɗana, wani lokaci haka ne, na ji malalata sun fake da ita. Amma ka saurari inda ake faɗin ta. Hadari ya haɗu a gabas ya yi baƙi ƙirin, iska ta juya, ƙanshin ƙasa ya tashi, dattijo ya ɗaga kai ya ce ikon Allah sai kallo. Wannan mutumin ya riga ya kai taki gona, irinsa na cikin ƙwarya, sungumi na jingine a bakin zaure. Ya yi nasa. Abin da ya rage ba na hannunsa ba ne, shi ya sa ya tsaya yana kallo, bakinsa na tasbihi. Wanda bai yi sharar gona ba in ya faɗe ta, aron bakin manoma ya yi.

Af, ɗalibar Zariya ta ƙara da tambayar wanne ne daidai a rubutu: natsuwa, nutsuwa ko nitsuwa. Duk ukun Hausa ne, bambancin karin harshe ne kawai, kamar fure da hure. Ki zaɓi ɗaya ki riƙe shi daga farkon takarda har ƙarshenta.