Ina da digiri na biyu a fannin noma, amma ba na son koyarwa. Akwai aikin da zan samu a jami'a?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Akwai ƙwarai, kada ka ɗauka duk wanda ke aiki a jami'a alli yake riƙewa.

Tunda noma ka karanta, fara duba cibiyoyin bincike. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru tana ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962, ga kuma cibiyar binciken dabbobi da ke Shika. Jami'ar Bayero ma tana da cibiyar nazarin noma a busassun yankuna. Aikin irin waɗannan wurare a gonar gwaji ake yinsa: ka auna tsayin dawa, ka ƙirga kwanakin da iri ya yi kafin ya fid da kai, ka rubuta sakamako. Sai dai in faɗa maka gaskiya, mai bincike ma wani lokaci akan ba shi ɗalibai, kuma ƙarin girma yana tafiya ne da maƙalun da ka wallafa. Idan kana son ka yi nisa, ka sa digiri na uku a ranka tun yanzu.

Akwai kuma aikin ɗakin gwaje-gwaje, kula da gonar jami'a, da ofishin magatakarda.

Ka riƙa bibiyar shafin jami'ar da jaridu irin su Daily Trust. Ka tanadi takardar hidimar ƙasa, shaidar ƙaramar hukuma, da malamai uku da za su tsaya maka. Don Allah kada ka ba kowa kuɗi da sunan zai sama maka gurbi, mutane da yawa sun yi kuka a kan haka. Allah Ya sa a dace.