Wace Kyamara Ce Ta Fi Kama Tsuntsu Yana Tashi?

Tambaya: Malam, ina ɗaukar hoton shirwa da balbela a Dam ɗin Ajiwa, amma suna fitowa dishi-dishi. In sayar da DSLR ɗina (kyamara mai madubi a ciki) in sayi mirrorless (marar madubi)? Daga mai karatu a Katsina.

Amsa: Kada ka yi gaggawa, ɗan'uwa. Fara duba saitinka: saurin shata (ƙiftawar kyamara) 1/2000 na daƙiƙa, fokas a kan AF-C (mai bin abu yayin da yake motsi), gilashin kyamara (lens) mai 400mm. Galibi nan matsalar take.

DSLR tana da madubi da ke ɗagawa duk ɗauka, sai wurin leƙawa ya yi duhu, tsuntsun ya kuɓuce maka. Sababbin mirrorless irin su Canon R7 kuwa suna gane tsuntsu, su bi idonsa har gefen hoto. Sai dai akwai su da shan batir, ka riƙe biyu. Da hunturu kuma kada ka sauya gilashi a fili, don babu madubin da zai tare wa sensa (farantin da ke kama hoto) ƙura.